NAZARI: Araha ba ta ado: abin da ma'aunin ribar shekara goma ke ɓoyewa game da hannun jarin kamfanin taba na BAT

A ranar 6 ga Disambar 2023, kamfanin British American Tobacco, wanda aka fi sani da BAT, ya shaida wa masu hannun jarinsa a Landan cewa zai zaftare kimanin fam biliyan 25 daga darajar da ya rubuta wa nau'o'in sigarinsa na Amurka. Kafin a tashi daga kasuwa a ranar, farashin hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 8 cikin 100. Makonni uku bayan haka, a Abuja, Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, ta sanar cewa reshen kamfanin na Najeriya da wasu kamfanonin da ke da alaƙa da shi za su biya tarar dala miliyan 110, bayan wani bincike da ta buɗe tun 2020.

Ana cikin wannan dambarwa sai wasu masu sharhin kasuwa suka ce garaɓasa ta faɗo. Hannun jarin da ya haura fam 55 a tsakiyar 2017 ya dawo wajen fam 23, rabon ribar da kamfanin ke yi duk shekara kuma ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na farashin. Ga matashin Najeriya da ke sayen hannayen jarin ƙetare ta manhajar waya don gudun faɗuwar naira, wannan abu ne mai jan rai. Ɗaya daga cikin hujjojin da ake kafawa da su a irin wannan muhawara shi ne wani ma'auni da ake kira CAPE, wanda ke gwada farashin hannun jari da matsakaiciyar ribar shekara goma bayan an tace ta daga hauhawar farashi. Shin me wannan ma'auni yake faɗa game da BAT, me kuma yake rufewa?

Yadda ma'aunin yake aiki

Hanyar da aka saba bi wajen gane tsada ko arahar hannun jari mai sauƙi ce. A ɗauki farashinsa a raba da ribar da ya kawo a shekara guda. Idan farashin fam 30 ne, ribar kuma fam 3, amsar ita ce 10, wato mai saye ya biya ribar shekara goma a gaba. Iya ƙanƙantar adadin, iya arahar hajar.

Matsalar ita ce shekara ɗaya ba ta isa shaida. Duk manomi ya san ba a yanke wa gona kuɗi da amfanin damina guda, domin akwai shekarar fari, akwai ta ambaliya, akwai ta yabanya mai kyau. Wannan ce shawarar da Benjamin Graham da David Dodd suka bayar tun 1934, cewa a duba matsakaiciyar ribar shekaru da yawa. A 1988 masana tattalin arziki biyu, Robert Shiller da John Campbell, suka ɗora nazari a kan wannan tunani. Tsarin da ya shahara da sunan Shiller yana cewa a tattaro ribar shekara goma, a mayar da ta kowace shekara zuwa darajar kuɗin yau, a fitar da matsakaici, sannan a raba farashin da shi.

Ma'aunin ya yi suna ne a ƙarshen 1999, lokacin da ya nuna kusan 44 ga manyan kamfanonin Amurka, alhali matsakaicinsa na tarihi bai wuce 16 zuwa 17 ba. Ba a daɗe ba kasuwar kamfanonin intanet ta rushe. A 2013 Shiller ya samu kyautar Nobel. Sai dai an gina ma'aunin ne don auna kasuwa baki ɗaya, inda asarar wannan kamfani ke narkewa cikin ribar wancan. Ɗora shi a kan kamfani guda wani lamari ne daban.

Amsa uku daga lissafi ɗaya

Mun bi ribar da BAT ya bayyana a kan kowane hannun jari daga 2015 zuwa 2024. A shekaru bakwai daga cikin goman, adadin yana tsakanin fam 2.30 da fam 3. Sauran ukun ne suka fita zakka.

A 2017 ribar ta haura fam 18. Ba wai duniya ce ta ninka shan taba sau bakwai ba. A shekarar ce BAT ya biya kimanin dala biliyan 49 ya saye ragowar kashi 57.8 na kamfanin Reynolds American. Ƙa'idar ajiye lissafi ta sa aka sake yi wa kason da yake da shi tun farko kuɗi, aka rubuta sama da fam biliyan 23 a matsayin riba, sannan rage harajin kamfanoni da Amurka ta yi a ƙarshen shekarar ya ƙara wasu biliyoyin. Riba ce ta kan takarda, ko sisi bai shiga aljihu ba. A 2023 aka ci bashin wannan buki: zaftare darajar nau'o'i irin su Newport da Camel ya jawo asarar kusan fam 6.50 a kan kowane hannun jari. A 2024 kuma kamfanin ya ware sama da fam biliyan 6 saboda shari'ar masu shan taba da gwamnatocin larduna a Kanada, ribar ta sauko wajen fam 1.40.

Idan aka mayar da waɗannan alƙaluma zuwa darajar fam ta 2024, matsakaicinsu ya ɗan haura fam 4. A farashin fam 30, inda hannun jarin yake kewayawa a farkon 2025, ma'aunin zai ba da kusan 7, wanda araha ce ta ban mamaki. Amma fiye da rabin jimillar daga shekarar 2017 kaɗai ta fito. Gyaran hauhawar farashi ma sai ya ƙara dagula lamarin, domin da yake ribar takardar tsohuwa ce, gyaran ya kumbura ta daga fam 18 zuwa kusan fam 24.

A cire 2017 kawai, matsakaicin ya koma wajen fam 2, ma'aunin ya tashi zuwa 15. A cire 2017 da 2023 duka, amsar ta zama kusan 10. Kamfani ɗaya, farashi ɗaya, amsa uku. Kuma da zarar 2017 ta fice daga jerin shekaru goman da ake ƙirgawa, ma'aunin zai yi tsalle sama da kansa, ba tare da an sayar da kara ɗaya fiye ko ƙasa da jiya ba.

Wani zai ce a share shekarun duka uku, tunda abubuwa ne na sau ɗaya. Wannan ita ce hanyar da kamfanin da kansa yake gabatar da ribarsa. To amma a harkar taba, shari'a da tara ba baƙi ba ne. A 1998 manyan kamfanonin taba na Amurka sun amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206. A Afrilun 2023 BAT ya amince ya biya hukumomin Amurka sama da dala miliyan 600 kan karya takunkumin Koriya ta Arewa. A Maris ɗin 2025 kotu a Ontario ta amince da sulhun dalar Kanada biliyan 32.5 da kamfanonin taba uku za su biya, ciki har da reshen BAT. Abin da ke dawowa duk bayan 'yan shekaru ya zama kuɗin gudanar da sana'a.

Gonar da ƙarfinta ke raguwa

Akwai wani abu da gyaran hauhawar farashi ya tona, kuma nan ne amfanin ma'aunin yake. A bisa takarda, ribar kowane hannun jari ta tashi daga kusan fam 2.30 a 2015 zuwa sama da fam 2.90 a 2022, ƙarin fiye da kwata. Da aka tace ta daga hauhawar farashin Birtaniya, wadda ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, sai ƙarin ya koma wajen kashi 5 a cikin shekara bakwai. A taƙaice ribar tana tsaye, duk da cinikin Reynolds da ya ɗora wa kamfanin bashin da ya haura fam biliyan 40.

Ita ma tsayuwar ba ta zo daga yawan ciniki ba. Karan sigarin da BAT ke sayarwa ya ragu daga kimanin biliyan 700 a 2018 zuwa kimanin biliyan 500 a 2024, kodayake ficewarsa daga Rasha a 2023 na cikin dalilan. A Amurka, inda fiye da rabin ribarsa ke fitowa, kashi 42 na manya ne ke shan sigari a 1965, yanzu kuwa ba su kai kashi 12 ba. Abin da ke cike giɓin shi ne ƙarin farashi. Wanda nikotin ya kama ba ya saurin barin taba don ta yi tsada, saboda haka kamfanin yana rasa masu saye amma yana tatsar waɗanda suka rage.

Matsakaicin shekara goma yana aiki ne idan riba tana hawa da sauka a kan tsayayyen layi, kamar damina mai kyau da marar kyau a gona mai ƙarfi. Idan ƙasar ce kanta take gajiya, amfanin shekarun baya zai sa mai saye ya biya fiye da kima. BAT da kansa ya amsa haka, domin tun daga Janairun 2024 ya daina ɗaukar waɗannan nau'o'i na Amurka a matsayin kadarar har abada, ya yanke musu wa'adin shekara 30 a littafinsa. Fatansa yana kan Vuse da glo da Velo, kayan nikotin marasa hayaƙi da yake son su kawo rabin kuɗin shigarsa nan da 2035. Ribar shekarun baya ba ta da abin cewa a kan ko hakan zai yiwu.

Masu saye ma suna da tasu hujjar. Wani nazari na masanan London Business School ya nuna cewa dala ɗaya da aka zuba a kamfanonin taba na Amurka a 1900 ta zama sama da dala miliyan 6 a ƙarshen 2014, fiye da kowace masana'anta. An sha yi wa taba jana'iza tana tashi. Ko a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta janye shirin haramta sigari mai sanyin mentol, wanda da ya tabbata da Newport ce za ta fi jin jiki. Sai dai wannan misali da kansa yana nuna cewa makomar ribar tana hannun 'yan siyasa.

Inda Abuja ta shigo

Najeriya ƙaramin kaso ce a littafin BAT, kuma reshensa na nan ba ya cikin kasuwar hannayen jari ta Legas. Amma alaƙar tsohuwa ce, tun zamanin masana'antar taba ta Zariya. A 2001 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 150 da kamfanin, wadda ta haifar da masana'antar Ibadan a 2003, inda ake fitar da sigari zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, Afirka ce ke da mafi ƙarancin kason masu shan taba, ita ce kuma nahiyar da kason matasa a cikin al'ummarta ya fi na kowace yawa. Ga masana'antar da kasuwarta ke tsukewa a Turai da Amurka, wannan fili ne da ba a gama nomawa ba.

Ga abin da ya kamata mai bibiyar siyasa ya lura da shi. Mai zuba jari a Landan ba ya yarda da alƙaluman riba sai ya tace su daga hauhawar farashi. Gwamnatin Najeriya kuwa tana yanka wani ɓangare na harajin taba a tsayayyen adadin naira. A Yunin 2022 an sa naira 84 a kan kwali mai kara 20, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin santi 20 na dala. Jadawalin ya kai shi naira 104 a 2024, amma da naira ta faɗi zuwa wajen 1,500 a kan dala, darajarsa ta koma kusan santi 7. A takarda an ƙara haraji, a zahiri an rage shi da kusan kashi biyu bisa uku. Umarnin ECOWAS na 2017 ya nemi aƙalla santi 2 a kan kowane kara, wato santi 40 a kan kwali. A Yulin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da ƙarin harajin kayan da ake sarrafawa a cikin gida wanda gwamnatin Buhari ta bari.

Haka lamarin yake a ɓangaren doka. Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma sai 2019 aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita, kuma duk wanda ya tsaya gaban mai tireda a tasha ya san yadda ake cinikin. Duk inda haraji ya yi sako-sako, doka kuma ta yi barci, sai kamfani ya samu sararin ƙara farashi ya kwashe rarar da ya kamata ta shiga baitulmali, a bar asibitocin gwamnati da ɗawainiyar masu ciwon huhu da zuciya.

Wasu masu jari sun yanke hukunci tun kafin a kai ga lissafi. Asusun man fetur na ƙasar Norway ya fitar da kamfanonin taba daga jarinsa a 2010, kuma jerin hannayen jarin da suka dace da shari'ar Musulunci na Dow Jones ba ya karɓar su. Irin wannan ƙauracewa na daga cikin abin da ke danne farashin, ya sa ma'aunin ya nuna araha. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka, wanda aka nuna wa adadi 7 ko 10 aka ce ga dama ta samu, ya tambayi waɗanne shekaru aka ƙirga, waɗanne aka share, kuma wa ya zaɓa. Ya kuma san a kan me yake ɗora kuɗinsa: a kan cewa gwamnatoci za su ci gaba da barin haraji a baya, kotuna za su yi sassauci, kuma za a samu sabbin matasa su maye gurbin mutum sama da miliyan bakwai da taba ke kashewa duk shekara. Wanda ba shi da ko hannun jari ɗaya shi ma yana da tambayar da zai yi wa ɗan majalisarsa idan an zo muhawarar haraji: me ya hana a ɗaure harajin taba da hauhawar farashi, yadda masu cin ribarta suke ɗaure nasu lissafin?