Waiwaye: Kunne Ya Ƙoshi, Ido Bai Ƙoshi Ba

Duk wanda ya yi wayo a Dakoro kafin wayar hannu ta shigo mana ya san cewa rakoda a kafaɗa take zuwa gari. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƴan cin rani za su fara sauka daga motocin Maraɗi, wani daga Kano, wani daga Legas, wani har daga Abijan ko Libiya, kowa da ƙunshinsa. Wanda tafiya ta yi wa kyau ba sai ya faɗa ba. Tun daga tasha za ka ji Shata ko Ɗanƙwairo na tashi daga kafaɗarsa, yara na biye da shi har ƙofar gida. Mutanen Kornaka da Birnin Lalle da Sakabal da ƙauyukan kwarin Tarka duk sun san irin wannan dawowa. National ce, ko Sharp, ko Sanyo, mai bakin kaset ɗaya da lasifika biyu da eriyar da ake ja ta miƙe. In ta shiga gida kuwa, ta shiga ke nan. Da yawa cikinmu a gabanta aka yaye mu, kuma tana nan daram aka ɗaura mana aure.

Ku tuna yadda ake riƙe ta. Uwargida za ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu, a bar ƴar kafa daidai wurin maɓallai da bakin kaset. Mazauninta kan akwati ne a ɗakin maigida, kuma yaro bai isa ya taɓa ba sai an aike shi ya ɗauko, ya rungumo ta da hannu biyu. Manyan pil shida take ci, wasu ma har takwas, kuma da kunne muke gane sun kusa ƙarewa: muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya fara jan ƙafa. Sai a cire su a shanya a rana, ko gobe a samu ɗan abin da za a ji labarai da shi. Ba a ɓata pil wajen mayar da kaset baya. Biro ake zura masa a rami, a ɗaga hannu a yi ta kaɗawa har zare ya koma farko. In zaren ya tsinke, a gyara bakinsa da reza, a haɗa da ɗan salatif, a ci gaba da saurare, sai dai kullum in an zo wurin ɗinkin a ji mawaƙi ya haɗiye kalma ɗaya.

Jikokinmu ba su san wannan wahala ba, kuma ba ma yi musu fatanta. Amma mu lura da abu guda: wanda ya juya kaset da biro ba ya tsallake waƙa don ya ji ta gaba. Ya riga ya biya kuɗinta da gwiwar hannunsa.

Lokacin kowane abu sananne ne. Da safe da maraice na labarai ne: Muryar Sahel daga Yamai, sashen Hausa na BBC da ya fara tun 1957, Muryar Jamus, Muryar Amurka, sai kuma Rediyon Kaduna, wanda muke ji kamar a bayan gida yake. Da azumi a kama tafsiri. Bayan sallar isha a fito da tabarma ƙofar gida, a saka kaset. Mai minti sittin rabin awa ne kowane gefe, kuma a cikin rabin awar nan ba mai yin magana sai in Ɗan Anace ya kai wurin da dole a ce wani abu, ko Haruna Uji ya taɓa wa wani inda yake masa ƙaiƙayi. Daga baya Sa'adu Bori na Maraɗi ya zo da jita da ganga, samari suka karɓe shi. Gida mai kaset ashirin ana ganin ya tara, kuma kowane ɗaya an haddace shi har da tarin da maroƙi ya yi a tsakiya.

Wannan zama ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar, inda mutanen gari ke taruwa gaban akwati ɗaya su ji shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a aika Yamai. Mun taso mun tarar saurare aikin jama'a ne.

Akwai kuma aikin da rakoda ta yi mana wanda muka manta. Ita ce mai rubuta wasiƙar waɗanda ba su yi lakwal ba. In za a aika wa ɗan gida da ke Kano ko Libiya saƙo, sai a sayo kaset marar komai, a rufe ƙofa, a kori awaki, a danna maɓalli biyu tare. Maigida ya fara da sallama da labarin damina da farashin hatsi. Uwa ta karɓa, ta yi gaisuwa, murya ta karye mata, a dakata. A ɗauko ƙaramin yaro a ce ya gaida yayansa, ya ƙi, a yi dariya, dariyar ma ta shiga. A naɗe kaset a takarda a ba direba. Bayan wata biyu ko uku amsa ta dawo, unguwa ta taru.

Yau saƙon murya a WhatsApp yana isa kafin ka sauke hannu, kuma wannan ni'ima ce da uwayenmu za su yi kuka da murna in sun gan ta. Sai dai saƙo ɗari ne a rana, waya ta cika a goge, ba wanda ya ajiye ko ɗaya.

Mai gyaran rediyo shi ma yana da kujerarsa a cikin wannan labari. Ƴar rumfa ce a gefen kasuwa, tebur cike da gawarwakin rediyo, ƙarfen dalma na cikin garwashi tunda wutar lantarki ba kullum ba. Ka kai masa rakoda ka ce tana cin kaset. Ba zai yi gaggawar kwancewa ba. Zai saka nasa kaset na gwaji, ya karkata kai, ya saurara. In murya ta dushe, ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a sifirit, ya goge kan da zare ke bi, audugar ta fito ja da tsatsar kaset. In sauti na rawa, ya san robar da ke juya injin ce ta saki, ya zaro wata daga cikin gwangwani. Sannan ya ɗauki siririn sukudireba ya taɓa ƴar ƙusar da ke gefen kan, yana juyawa kaɗan-kaɗan, har sai muryar ta buɗe tar. Ka biya ƴan daloli ka tafi. Da irin wannan hannu rakoda ɗaya take shekara goma sha a gida.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, mu ce zamaninmu ba a san kwaɗayi ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma tsofaffi mun iya wanke bara har ta fi yadda take. Ranar da wani ya dawo da rakoda mai baki biyu, wadda ke kwafar kaset daga kaset, mai fitilu ja da kore suna tsalle da kiɗa, ranar nan mutane da yawa suka koma gida suka ji tasu ta canza murya. Ba abin da ya same ta. Jiya ita ce ta tara unguwa. Ido ne ya je ya gano, ya dawo ya zuga kunne. Abin da ya riƙe mu sau da yawa rashi ne. Fari na 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, wanda ke da rakoda ma tunaninsa buhu nawa za ta kawo. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, kowa ya koma ya rungumi abin da yake da shi. Amma a cikin wannan dole mun koyi wani abu na gaske, wato abin da ka daɗe da shi kana kula da shi yana ba ka daɗin da sabo ba ya bayarwa a ranar farko.

Daga nan sauyi ya riƙa zuwa a guje. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya yi mana shekaru masu yawa. Injiniyan da ya jagoranci ƙera shi, Lou Ottens ɗan ƙasar Holan, yana cikin waɗanda suka yi aikin faifan CD da ya shiga kasuwa a 1982, domin aikin maƙera ke nan, su kawo na gaba. Faifan ya iso mana a makare, tare da finafinan Kano, bai kuma jure ƙurarmu da zafinmu ba: ƴar ƙarzuwa kaɗan sai waƙa ta tsaya tana in'ina. Kafin mu saba da shi waya ta zo da memori, masu tura waƙa suka kafa tebur a kasuwa. Yanzu kuma ga manyan lasifikoki masu caji da Bluetooth, masu taya da hannun ja, waɗanda samari ke dawowa da su daga Agadas da wuraren haƙar zinariya. Kowace shekara da sabon yayi, kuma yawancinsu a manne suke, in sun mutu mai gyara ya juya su ya miƙo maka.

Ya kamata mai shirin sayen sabuwa ya san wasu abubuwa da ba a rubuta a kwali ba. Dubban wat ɗin da ake bugawa da manyan lambobi sau da yawa adon talla ne, ainihin ƙarfin yana can ƙasa da haka nesa. Ko da gaskiya ne ma, sai an ninka ƙarfin na'ura kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu. Kunnen yaro yana kama siririn sauti mai kaɗawa har sau 20,000 a daƙiƙa, amma shekaru na rage wannan, ta yadda dattijo zai iya biyan kuɗin abin da ba zai ji ba. Waƙoƙin memori an matse su don su shiga da yawa, kuma na tsofaffin mawaƙanmu galibi daga tsohon kaset aka kwafo su, da shuu ɗinsa da komai, babu lasifikar da za ta mayar da abin da ba a naɗa ba. Ɗaki ma yana da nasa hannu. Ɗakin ƙasa mai tabarma da labule yana shanye amo, murya ta fito a natse, shi kuwa na siminti da rufin kwano yana mayar da ita ta dawo ta haɗu da ta baya. Mutum zai ɗora laifi kan na'ura, alhali darduma ɗaya da ɗaga lasifika daga lungu sun isa.

Wani dattijo a unguwarmu ɗansa ya dawo masa da irin babbar lasifikar nan mai caji. Ya ajiye ta gabansa ya ce, "Baba, ga wadda ake yayi yanzu, a huta da waccan haka nan." Tsohon ya shafa ta, ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Ɗana, kafin ka kunna, faɗa mini, me ka ji tsohuwar ta kasa faɗa?" Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ba ta kasa faɗin komai ba, amma kuɗin pil fa? Wannan da hasken rana ake cika ta." Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To, wannan magana ce." Sabuwar ta zama ta labarai da karatun Alƙur'ani, tsohuwar ta ci gaba da riƙe kasusuwansa.

Tambayar tsohon ita ce ma'auni. Sabo turken wawa, in ji magabata, kuma wanda ya ƙi faifan sola ya ci gaba da zuba kuɗi a pil ba wadatar zuci yake yi ba, taurin kai ne. Sauyin da ya toshe wata ɓaraka ta gaske alheri ne. Wanda ya taso daga leƙen gidan maƙwabci kuwa ba shi da ƙarshe, domin maƙwabcin ma yana leƙen wani. In ka iya faɗin abin da na'urarka ta kasa da baki ɗaya, je ka saya. In ka rasa abin faɗa sai dai ta tsufa, riƙe jikkunanka, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Babbar asarar da muka yi garin gudun bin sabo ba ta kuɗi ba ce. Da muka watsar da rakoda, mun watsar da kasusuwan da ke tare da ita. A cikinsu akwai makaɗan ƙauye da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, da kiɗan kokawa da na noma da aka naɗa a fili, da wa'azin malaman gari, da muryoyin iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Waƙar Shata tana ko'ina a waya, amma gaisuwar kakarka kwafi ɗaya ce a duniya. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset a hankali, kuma rakodar da za ta iya karanta shi tana ƙara wuya.

Don haka, ƴan'uwa, wanda ke da kwalin kaset a ƙarƙashin gado ya fito da shi tun yanzu. A nemi rakoda mai rai ko a kai matacciya wurin mai gyara, a samu yaro mai waya ya naɗi abin da ke ciki, a raba wa dangi. Wannan aiki bai kai kuɗin sabuwar lasifika ba. In an gama kuma, a zaɓi dare ɗaya a mako, a tara yara, a saka abu ɗaya a ji shi daga farko har ƙarshe ba tare da an taɓa maɓalli ba, ko a tsohuwa ko a sabuwa. Wanda ya gwada haka wata guda shi zai gaya mana ko har yanzu yana bukatar wata na'urar.