An Auna Ruwan Kogin Haɗeja, Saura A Raba Shi Da Adalci

Akwai wata magana da muke so mu jawo hankalin masu karatunmu a kanta, musamman malaman makaranta da akawunan ofisoshin hukuma, watau maganar rabon ruwan Kogin Haɗeja. Mutane da yawa suna tsammani rashin sani ne ya hana a daidaita wannan al'amari. Mu dai ba mu yarda ba. Da wuya a sami wani kogi a Arewa wanda masanan jami'o'i suka auna, suka yi lissafinsa, suka rubuta littattafai a kansa kamar wannan. Sanin yana nan jibge cikin takardu, amma har yanzu bai isa hannun mutumin da ke riƙe da makullin ƙofar dam ba.

Bari mu fara da kwatanta ƙasar domin waɗanda ba su taɓa ratsa ta ba. Kogin Kano da Kogin Calawa suna gamuwa kafin Wudil, daga nan a ce da su Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya gangaro ta ƙasar Bauci. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai jigayin rairayi nan da can, saboda haka kogunan nan biyu suka rarrabu rassa rassa suka bazu cikin fadamu. Abin da ya tsira daga fadamun shi ne Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar wajen Difa, sa'an nan ya faɗa Tafkin Cadi.

Kafin a gina dam, ambaliya tana zuwa kowace shekara wajen watan Agusta da Satumba, ta rufe fadamu. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwa. Kifi ya bi ruwan ya hayayyafa, masunta su samu. In ruwa ya ja da baya a shuka wake da kayan lambu a bisa danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa da rani. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da bakin kogi. Watau ruwa ɗaya ne, amma yana yi wa mutane aiki huɗu ko biyar kafin ya ƙare.

A 1974 aka gama Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, cikinsu har da ta Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama Dam ɗin Calawa. Waɗannan biyu su ke tare kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Ba mu zargin waɗanda suka gina su da mugun nufi. Duk wanda ya ga farin 1973 ya san abin da ya sa aka so a ajiye ruwa. Birnin Kano yana shan ruwan nan, kuma wanda ya je Kura da Kadawa da Bunkure ya ga shinkafa da tumatir da alkama ya san dam ya yi wa mutanen wurin rana. Tambayar da ba a yi ba a lokacin ita ce, me mutanen gangare za su rasa?

Wannan tambaya ita masana suka ɗauka. A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. Da fari tsuntsaye ne suka jawo hankalin Turawa, domin agwagi da waɗansu tsuntsayen ruwa sukan tsere wa sanyin Turai su zo su yi hunturu a can, har Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989. Amma da masu binciken suka zauna cikin mutane sai suka ga maganar ta wuce ta tsuntsu. A 1993 aka buga wani littafi wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara, aka tattara a ciki abin da aka gano game da ruwa da ƙasa da sana'o'in wurin. Bincike ya nuna cewa filin da ambaliya ke rufewa, wanda a shekarun 1960 yakan wuce murabba'in kilomita 2,000, ya koma ƙasa da 1,000. Sun yi adalci, sun ce fari yana da nasa laifi, dam kuma yana da nasa.

Lissafin da ya fi ba mu mamaki shi ne na wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa. Suka ce to, a ɗauki mudun ruwa ɗaya. In an sake shi ya gangara fadama, nawa zai jawo na shinkafa da kifi da itacen wuta? In kuwa an juya shi cikin magudanan noman rani na Kano, nawa zai jawo bayan an cire kuɗin gudanar da aikin? Sai suka tarar ribar fadama ta ninka ta noman rani sau da yawa. A 1998 Barbier da Thompson suka sake lissafin, suka haɗa da dukan dam ɗin da aka gina da waɗanda ake shirin ginawa, har da na Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are. Abin da suka samu shi ne ribar ƙarin noman rani ba za ta biya ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da fadama za ta yi ba. Ga shi kuwa ba su ma sa kuɗin kiwo da na ruwan rijiya cikin wannan lissafi ba. Shawarar da suka bayar mai sauƙin fahimta ce: a dakata da sababbin dam, waɗanda ke akwai kuma a riƙa sakin ruwansu da yawa da damina, yadda zai yi kama da ambaliyar da aka saba.

Wani zai ce ai wannan lissafi ya tsufa, farashi ya sake, shinkafar Kura ta bunƙasa, mutanen Kano sun ninku. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke so jami'o'inmu na Kano da Zariya da Maiduguri su sake yinsa da farashin yau. Amma wanda ya ce tsohon awo bai yi ba, sai ya kawo sabo. Ba daidai ba ne a ajiye lissafin masana a gefe, sa'an nan a ci gaba da rabon ruwa bisa ƙiyasi.

Ga abin da ya faru da aka ƙi jin shawarar. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi da damina ya ɗauke da rani, sai ya zama yana tsiyaya kaɗan kaɗan shekara duka. Ruwa marar ƙarfi ba ya share rairayi da laka daga cikin kwari. Kwarin da ba ya bushewa kuwa shi ne gidan kacala, ciyawar nan mai tsawo wadda ta fi mutum. Kacala ta toshe tsohuwar hanyar kogi da reshen Burum Gana, ruwa ya karkata ta Marma ya nufi Tafkin Nguru. Sakamakon haka waɗansu ƙauyuka gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, waɗansu kuwa suna kallon kwarinsu a bushe. Tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya cikin kacala suna fitowa suna cinye gero da shinkafa. Masu awo a Gashuwa kuma suka shaida cewa kusan dukan ruwan da ke wucewa ta can na Jama'are ne, na Haɗeja ya maƙale a hanya. Wannan ne dalilin da ya sa mutanen Yobe da Borno ke ɗaga murya duk sa'ad da aka ta da maganar Kafin Zaki, gama kogin da ya rage musu ke nan.

An yi ƙoƙari, ba mu musu. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka amince da tsarin kula da kogin tare, aka kuma kafa asusu domin aikin. A 2007 aka tsara yarjejeniyar rabon ruwa. An share waɗansu magudanai, mutane suka ga amfani. Sai dai takarda ba ta buɗe ƙofar dam. Matsalar da masana suka daɗe suna nunawa tana nan: hukumar da ke riƙe da dam ita ce kuma ke gudanar da noman rani da ruwansa, watau ɗaya daga cikin masu cin tuwon shi ne mai rabo. Ko da mutumin kirki ne, kukan manomin da ke bakin ofishinsa zai fi shiga kunnensa bisa ga na masuncin da ke Gaidam.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda aka ba lambar Nobel a 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda al'ummomi ke raba ruwa da makiyaya da wuraren su. Ta gano cewa dukiyar tarayya takan dawwama ne inda masu amfani da ita suke da baki cikin kafa doka, inda kowa ke iya ganin abin da ɗan'uwansa ya ɗiba, inda kuma akwai wurin kai ƙara kusa, ba tsada. Mu wannan bai zame mana baƙon abu ba. Sarkin Ruwa da Bulama sun daɗe suna sa ranar su, suna hana shiga tafki kafin lokaci. Abin da ya gagara shi ne a yi irin wannan tsari ga kogin da ya ratsa jihohi da yawa, inda na sama bai san na ƙasa ba.

To, ga abin da muke roƙo. Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ta riƙa shelar ranar da za ta saki ruwa da yawan da za ta saki, a rediyo, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, tun kafin manomi ya zuba iri. A cikin majalisar da ke yanke wannan shawara a ba masunta da makiyaya da manoman gangare kujera mai ƙuri'a. Masu bincike kuma su ji tsoron Allah. Sun sha ruwan mutanen nan, sun cika littattafai da amsoshinsu, sa'an nan suka buga sakamakon da Turanci a mujallun Turai waɗanda ko malamin jami'a sai da ƙyar yake samu. Mene ne wahalar taƙaita shi cikin shafi goma da Hausa a kai wa hakimai da makarantu?

Akwai kuma aikin da ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Duk lissafin da muka ambata ya tsaya ne a kan wani ɗan ƙaramin abu, watau sandar awo da aka kafa a bakin kogi a wurare kamar Wudil da Haɗeja da Gashuwa, da mutumin da ke zuwa kullum safe ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta. Awon da aka yi a shekarun 1960 shi ya ba masana damar faɗin yadda kogin yake kafin Tiga. Daga baya aka yi sakaci, masu bincike suka yi ta kukan giɓin shekaru cikin littattafan awo, kuma ranar da ba a rubuta ba babu mai iya komawa ya auna ta. Akawun da aka damƙa wa irin wannan littafi ya sani shaida ce yake riƙe da ita, wadda wata rana za a yi hukunci da ita tsakanin jiha da jiha. Makarantar da ke bakin kogi kuma ba abin da zai hana ta kafa tata sanda, yara su riƙa karantawa bi da bi, malamin lissafi ya koya musu jimla da matsakaici da ita, a ƙarshen wata a aika da kwafi ɗaya ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a liƙa a ƙofar gidan dagaci.