Idan Fansho Ya Zo, Jinya Ta Ƙare Ke Nan?

A ƙasar Ingila gwamnati tana biyan wani alawus ga mutumin da ya zauna yana jinyar naƙasasshe ko mara lafiya, miji ne ko uwa ko ɗa. Dole jinyar ta kai awa 35 a mako, kuma wanda ake jinyar ya kasance yana karɓar ɗaya daga cikin kuɗaɗen naƙasa da doka ta lissafa. Idan mai jinyar yana ɗan taɓa wani aiki, abin da yake samu kada ya wuce ƙa'ida. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ƙa'idar fam 196 ce a mako, alawus ɗin kuwa fam 83.30. Mai karatu ya raba wannan gida 35, zai ga bai kai fam biyu da rabi a awa ba.

Ba ƙarancin kuɗin ne ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake yi da mai jinya idan ya kai shekarun fansho, wato 66, waɗanda aka tsara ɗagawa zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Doka ta ce ba a haɗa alawus ɗin jinya da fanshon gwamnati. Wanda fanshonsa ya kai alawus ɗin, sai a tsayar masa da alawus. Wanda nasa bai kai ba, cikon kawai za a ba shi. Tunda cikakken sabon fansho fam 230.25 ne a waccan shekarar, yawancinsu ko sisi ba sa gani.

Hujjar gwamnati ita ce, duka biyun madadin albashi ne, don haka ba a biyan mutum sau biyu a kan abu ɗaya. Lissafin ya yi daidai a takarda. To amma mu ɗauki matar da ta ajiye aiki tana da shekara 60 saboda mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ranar da ta shiga fansho, wa zai ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya tashi da shi cikin dare? Ita ce dai, ga shi ƙarfi ya ragu. Maƙwabciyarta da ba ta jinyar kowa fansho ɗaya suke karɓa. A ganina fansho haƙƙin aikin da ya wuce ne, jinya kuwa aiki ne da ake cikinsa yau.

Dokar ma ai ba yau aka fara gyara ta ba. Da aka ƙirƙiro alawus ɗin a 1976 an hana matan aure, wai dama jinya aikinsu ne, sai da wata mata mai suna Jackie Drake ta yi nasara a kotun Turai a 1986. A 2002 kuma aka cire sharaɗin da ya hana wanda ya kai shekara 65 nema.

Akwai wata ƙofa da mutane da dama ba su sani ba. Ko da ba za a biya tsoho alawus ɗin ba, idan ya nema aka tabbatar ya cancanta, wannan shaidar tana ƙara masa wani kuɗi (fam 46.40 a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026) a lissafin tallafin da ake cika wa 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi. A waccan shekarar ma'aunin tallafin fam 227.10 ne ga mutum ɗaya, wato mai cikakken fansho ya ɗan haura shi. Da wannan ƙarin sai ma'aunin ya koma fam 273.50, ya shigo ciki. Amma wa zai ce wa tsohuwar da ba ta samun barci ta cika fom don neman kuɗin da an riga an gaya mata ba za a ba ta ba?

Ra'ayina shi ne a ci gaba da biyan alawus ɗin, ko da rabinsa ne, a kan fansho muddin ana jinya. Kafin nan, hukumar da ke tsayar da kuɗin ta riƙa duba cancantar wancan ƙarin da kanta a ranar da ta tsayar, tunda sunan mai jinyar da shekarunsa duk suna hannunta.