Wa Ke Gadin Mai Barci a Ɗakin Tiyata?

Idan naƙuda ta gagara a wani ƙauye na Kusada, aka ɗauko mace cikin dare zuwa Babban Asibitin Kankiya, dangi kan tambayi wane likita ne zai yi aikin. Ba kasafai ake tambayar wanda zai tsaya wajen kanta ba, wato ma'aikacin da zai sa ta barci, ya yi gadin numfashinta da bugun zuciyarta har ta farka. A ganina, bayan ikon Allah, tsirarta ta rataya a kan wannan mutum kamar yadda ta rataya a kan mai riƙe da aska.

Barcin tiyata ya bambanta da barcin da muka sani. Abu uku ake nema a lokaci guda: hankali ya gushe, zafi ya daina isa ƙwaƙwalwa, tsoka ta saki. Lokacin da aka fara nuna maganin shaƙa na eta a Boston ta Amurka cikin 1846, shi kaɗai ke yin duka ukun, in ya yi kaɗan majiyyaci ya motsa kowa ya gani. A 1942 wasu likitoci biyu a Kanada, Griffith da Johnson, suka shigo da kurare, dafin da maharban Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya, don ya kashe tsoka. Aiki ya yi sauƙi, amma wata masifa ta biyo baya: mutum na iya farkawa, yana jin hirar likitoci, wani sa'in har da kaifin aska, alhali ko yatsa ba ya iya ɗagawa.

Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya cikin 2014 ya sami rahoton irin wannan farkawa ga kimanin mutum 1 cikin 19,000. Ga matan da aka sa barci don a ciro jariri kuwa, 1 ce cikin 670, saboda aikin na gaggawa ne, kuma akan yi kaffa-kaffa da magani don jaririn. Mai karatu ya tuna da wadda aka ɗauko daga Kusada.

Ko baki ya mutu, jiki yana magana. Jijiyoyin da ba sa jiran umarninmu kan sa zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, gumi ya keto, hawaye ya gangaro. Tun 1996 akwai kuma na'urar BIS, mai karanta lantarkin ƙwaƙwalwa ta goshi, ta ba da lamba daga 0 zuwa 100, ana son ta tsaya tsakanin 40 da 60. Na'ura ce mai amfani, amma ban ga ya kamata mu fara da ita ba. Ketamin, maganin da ƙananan asibitocinmu suka dogara da shi don ba ya yawan karya jini ko tsai da numfashi, yana ruɗa lambarta. Abin da ake manna wa goshin kuma sau ɗaya ake amfani da shi, daga waje ake sayo shi.

Saboda haka in Gwamnatin Jihar Katsina na da kuɗin kashewa, ta fara da ɗan makamin nan da ake maƙala wa yatsa mai auna oksijin a jini, da ma'aunin hawan jini, da ma'aikacin da aka horar wanda ba zai bar kan majiyyaci ya tafi ɗauko wani abu ba. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya. Me zai hana a duba yadda za ta horar da mataimakan masu sa barci?

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Tun 1970 likitocin Ingila suka tsara 'yan tambayoyi da ake yi wa wanda ya farfaɗo, kan abin da ya tuna kafin barci, da bayansa, da tsakani. Matanmu, da kunya da dauriya, ba za su ɗaga zancen da kansu ba, wadda ta faɗa ma sai a ce mafarki ne ko iskoki. Ya kamata a juya tambayoyin zuwa Hausa, ma'aikaciyar jinya ta yi su washegarin aiki, a keɓe, ta kuma rubuta amsar a katin majiyyaciya.