Daudu, luwaɗi da doka: tambayoyi uku da ake yi a kara

Tun da aka ɗaure Bobrisky a 2024 gardamar nan ba ta mutu ba a kara da majalisun Sabo.

Don shigar mata aka ɗaure shi? A'a. Liƙin naira ne, kotun Legas ta ba shi wata shida.

Duk ɗan daudu ɗan luwaɗi ne? Ba dole ba. Daudu ɗabi'a ce da shiga, luwaɗi aiki ne. Wasu 'yan daudun masu sayar da abinci suna da mata da 'ya'ya.

Me doka ta ce? Dokar 2014: auren jinsi, shekara 14. Amma fa kotu ke yankewa, ba samarin unguwa ba. Jita-jita ɗaya ta isa a far wa marar laifi, rikicin ya cinye zangon duka.