Halin Tarantula: Tsoro Ne Ke Sa Ta Cizo

Duk ɗalibin da ke riƙe da wayar hannu a yau, a Barnawa yake ko Kakuri ko Sabon Tasha, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wani Bature ɗauke da ƙaton gizo-gizo mai gashi a tafin hannunsa ba. Wannan halitta ita ake kira tarantula. A Turai da Amurka akwai dubban mutane da ke kiwonta cikin akwatunan gilashi, kamar yadda ake kiwon tantabara ko zomo a ƙasar Hausa. Masu sayar da ita sun raba ta gida biyu: wasu nau'o'in sun ce masu sanyin hali ne, wasu kuma mafaɗata. Wannan rabo yana da ɗan amfani ga mai saye, amma yana ɓatar da ɗalibin kimiyya, kuma yana iya jefa yaron Kaduna cikin haɗari. Abin da ake kira faɗa a wurin tarantula kāre kai ne kawai, kuma irin makamin da kowane nau'i yake da shi ne ke tsara yadda zai yi idan ya tsorata.

Tarantula dangi ne babba da masana ke kira Theraphosidae, mai nau'o'i fiye da 1,000 a ƙasashe masu zafi da ɗumi. Sunan ya samo asali daga garin Taranto na ƙasar Italiya, ko da yake gizo-gizon da aka fara kira da shi a can ba ya cikin wannan dangi. Tana da idanu takwas, amma ganinta ba shi da ƙarfi. Da gashin ƙafafunta take jin motsin ƙasa da kaɗawar iska, ta haka take gane abinci da abokin gaba. Saboda haka hannun mutum da ya nufo ta daga sama bai bambanta a wurinta da bakin tsuntsu ko ƙadangare ba. Babu wata hujja ta kimiyya da ta nuna cewa tana gane mai ita ko tana sabawa da shi yadda kare ko doki ke yi. Wadda ta zauna shiru a tafin hannu haƙuri kawai take yi da abin da ba ta so.

Babban bambanci tsakanin nau'o'in yana bin taswirar duniya. Yawancin tarantulolin nahiyar Amurka suna da wani gashi na musamman a bayan cikinsu, siriri mai ƙananan ƙayoyi. Idan aka matsa musu sai su juya baya, su karce wurin da ƙafafun baya, gashin ya tashi cikin iska kamar ƙura. Wanda ya taɓa ratsa karara a daji, ko ya sha ƙaiƙayin gero a lokacin sussuka, zai gane irin azabar. A shekarar 1972 masana uku, Cooke da Roth da Miller, suka bayyana ire-iren wannan gashi guda huɗu, daga baya kuma aka gano ƙari. Tun da suna da makamin da ke korar abokin gaba daga nesa, ba su cika gaggawar cizo ba. Wannan ne ya sa ake yi wa mai jan gwiwa ta Meziko, wato Brachypelma, da ta ƙasar Cile, wato Grammostola rosea, laƙabin masu sanyin hali.

Amma wannan sanyi yana da iyaka. A farkon 2010 mujallar likitoci ta Lancet ta kawo labarin wani saurayi a birnin Lids na Ingila wanda ya yi makonni yana fama da jan ido da hawaye. Da likitoci suka duba da madubin ƙara girma sai suka tarar da ƙananan gashi sun nutse cikin ƙwayar idonsa. Ashe yana share akwatin tarantularsa ta Cile ne ta watsa masa gashin a fuska. Ke nan wadda ake ba wa sabon shiga a matsayin mafi sauƙin hali ita ce ta kai mai ita asibiti, ba tare da ta cije shi ba.

Tarantulolin Afirka da Asiya da Ostireliya kuwa ba su da wannan gashi ko kaɗan. Abin da suka mallaka shi ne gudu, da barazana, da fiƙa. Matakinsu na farko kullum shi ne tserewa zuwa rami ko kogon itace. Idan hanya ta toshe, sai tarantular ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta ɗaga na gaba sama, ta buɗe fiƙoƙinta. Wasu nau'o'in har ƙara suke yi kamar hucin maciji, ta hanyar goga gaɓoɓinsu da juna. Sau da yawa takan kai mari da ƙafafun gaba kafin ta yi cizo. Duk wannan gargaɗi ne, domin dafi abu ne mai tsada a jikinta, da shi take kama abinci. Sai tura ta kai bango take kashe shi a kan abin da ba za ta iya ci ba.

A nan ne maganar ta shafi ɗalibin Kaduna kai tsaye. Biyu daga cikin nau'o'in da masu kiwo a Turai suka fi shakka 'yan Afirka ta Yamma ne. Ta farko ita ce Heteroscodra maculata, mai launin toka da ɗigo-ɗigo, wadda aka fi fitarwa daga Togo da Gana. Ta biyu ita ce Stromatopelma calceatum, mai gashin ƙafa kamar na tsuntsu, wadda masani Fabricius ya bayyana tun 1793, kuma takan zauna a saman itatuwa irin su kwakwar manja. Dukansu biyu suna da saurin da ido ba ya iya bi. Waɗanda suka cije sun ba da labarin zafi mai tsanani, da kumburi, da murɗewar tsoka da kan ɗauki kwanaki. Babu tabbataccen rahoton likita da ya nuna dafin tarantula ya kashe mutum, amma wannan bai mai da cizon abin wasa ba, musamman ga ƙaramin yaro. Wani nazari da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2003, ya nuna cewa mutane tara da tarantulolin ƙasar suka cije duk sun warke, alhali karnuka bakwai da aka cije duk sun mutu.

Kudancin birnin Kaduna yana ta faɗaɗa zuwa cikin daji, daga Narayi da Unguwar Romi har Gonin Gora, ana sare itatuwa ana tona harsashin gini. A irin wannan yanayi ne halittun rami da na kogon itace ke fitowa fili. Ƙa'idar da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe mai sauƙi ce: duk tarantular da aka samu a daji a nahiyar Afirka tana cikin rukunin da ba shi da gashin ƙaiƙayi, wato wadda fiƙa ce makaminta na ƙarshe. Wadda ake gani a hannun Bature a intanet galibi 'yar Meziko ce ko Cile. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Yaron da ya kwaikwayi hoton da tarantular bayan gidansu ya ɗauko abin da ba shi ne ya gani ba.

Masu kiwo za su ce rarraba nau'o'i zuwa masu sanyi da masu zafi yana taimaka wa sabon shiga ya zaɓi abin da zai iya kula da shi, kuma wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce kalmomin suna sa mutum ya ɗauka hali abu ne tsayayye. Tarantula guda ɗaya takan canza daga mako zuwa mako. Idan ta kusa yin saɓa takan daina ci, ta ƙi son a taɓa ta. Bayan saɓa jikinta da fiƙoƙinta sukan yi taushi na kwanaki. Macen da ke gadin ƙwayayenta takan tsaya ta yi barazana a inda da can guduwa za ta yi. Wadda aka sa a akwati marar maɓoya takan yawaita ɗaga ƙafa, amma da zarar an ba ta ƙasa mai zurfi ko ɓawon itace sai ta shige ta yi shiru. Mai kiwo zai ce ta huce, masanin halittu kuwa zai ce ta sami wurin gudu ne. Bugu da ƙari, ɗaukarta a hannu ya fi zama haɗari gare ta fiye da mai ɗauka, domin fatar cikinta ba ta da kauri, faɗowa daga tsawon tebur kan iya fasa shi ta mutu. Wannan hasara ce ga halittar da macenta, a wasu nau'o'in Meziko, kan wuce shekara 20 a raye.

Akwai kuma masu ganin cewa maganin abin shi ne a take duk wadda aka gani. Wannan ma kuskure ne. Tarantula tana cin fara da kyankyaso da gyare, ba ta farautar mutum. Ban da haka, dafin nan da ake tsoro ya zama kayan aiki a ɗakunan bincike. A 1998 aka ciro wani sinadari mai suna SNX-482 daga dafin Hysterocrates gigas ta Kamaru, wanda masu nazarin jijiya ke amfani da shi har yau. A 2016 ɗakin binciken David Julius a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya yi amfani da wani sinadari daga dafin Heteroscodra maculata wajen gano rawar da wata ƙaramar ƙofa a jikin ƙwayoyin jijiya ke takawa wajen jin zafi. Shi Julius ɗin ne ya sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021 saboda ayyukansa kan yadda jiki ke jin zafi. A 2018 masana a Ostireliya suka nuna cewa wannan sinadari yana rage farfaɗiya a jikin ɓeraye masu ɗauke da irin cutar Dravet, wata muguwar farfaɗiya da ke kama jarirai. Wannan gwaji ne a kan ɓera, bai zama maganin mutane ba, amma ya isa ya nuna darajar abin da ake takewa da takalmi.

Abin takaici shi ne yadda dukiyar ke nan amma iliminta yana can. A 1899 masani Pocock na gidan adana kayan tarihi na Landan ya bayyana wata ƙatuwar tarantula da ya raɗa wa suna Hysterocrates hercules. An samo ta ne a Jebba, inda layin dogon da ke zuwa Kaduna ya ƙetare Kogin Kwara. Samfurin yana ajiye a Landan, kuma masana sun nuna cewa waɗanda 'yan kasuwa ke sayarwa da wannan suna galibi wasu nau'o'i ne daban. Ita kuma kasuwar ba ƙarama ba ce. Kwasar da aka yi wa mai jan gwiwa ta Meziko ce ta sa aka shigar da ita cikin yarjejeniyar CITES a 1985, aka kuma ƙara tarantulolin itace na Indiya da Siri Lanka a 2019. Ƙasar da ba ta ƙirga abin da ke dajinta ba, ba za ta san ranar da aka kwashe shi ba. Sassan nazarin halittu na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna su ne suka fi cancanta su ja ragamar wannan ƙirga.

Nauyin farko dai yana kan malaman sakandare. Idan ɗalibi ya kawo labarin ƙaton gizo-gizo a harabar makaranta, malami na iya mai da abin darasi. A kife shi da babbar roba mai haske, a zura kwali a ƙarƙashi, ba tare da hannu ya kusanci fiƙa ba. Ɗalibai su ƙirga ƙafafu, su zana siffarsa, su lura da abin da yake fara yi idan an motsa robar, gudu ko barazana. A ɗauki hoto, a rubuta rana da wuri, a aika wa jami'a, sannan a sake shi nesa da ɗakunan karatu. Wanda tsautsayi ya sa aka cije shi a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti, a guji tsaga fata ko ɗaure hannu da igiya. Yaron da ya koyi karanta gargaɗin tarantula ya ja da baya ya tsira da lafiyarsa, ya kuma bar wa masu bincike na gobe abin da za su yi aiki a kai.