Mu Ƙaru da Sani: Hoton Mata Uku Masu Kala

A shekarar 1857 wani mai zane na ƙasar Faransa, sunansa Mile, ya zana mata uku cikin gonar alkama. An gama girbi, suna kala. Biyu sun duƙa har ƙasa, ta uku tana ƙoƙarin miƙewa da ƴan zangarnu a hannu. Can nesa ga tarin amfanin mai gona kamar tudu, ga wani bisa doki yana duba masu aiki. Duk wadda ta taɓa kalar hatsi bayan an kwashe dammuna ta san wannan duƙawa.

Mile ɗan manoma ne, ya yi noma tun yana yaro. Masu kuɗin birnin Paris ba su ji daɗin zanen ba, don ya fiddo talaucin ƙauye a fili. Ya saida shi faran 3,000.

To, zane ɗaya ne tak. Idan attajiri ya rataye shi ɗakinsa, manomi ba zai gan shi ba. Sai masu hoto suka shiga ɗaukar hoton zane suna bugawa da yawa. Aikin bai zo da sauƙi ba. Hoton lokacin baƙi da fari ne, kuma yana juya launi: rawaya da ja su fito baƙi, shuɗi ya fito fari fat. Gonar da ta nuna sai ta yi duhu kamar an ƙone ta. Sai wajen 1880 aka fara samun gilashin hoto mai gane rawaya.

Gidan hoto na Braun, a yankin Alzas, ya shahara wajen wannan aiki. Suna buga hoto da garin baƙi irin na gawayi, wanda ba ya koɗewa. A 1883 babban gidan ajiyar zane na Paris, Luvur, ya ba su izinin ɗaukar hoton zanensa. Da irin waɗannan hotuna masu araha matan uku suka shiga lakkol da ɗakunan talakawa.

Mile ya mutu a 1875. A 1889 aka sake saida zanen faran 300,000, kuɗin suka shiga aljihun attajirin da ya mallake shi. Yau yana rataye a gidan ajiya na Orse, cikin Paris.